Ranar da Inna Adama Ta Koma Bakin Turmi

Gonar Malam Iliyasu tana gefen hanyar da ta taso daga Watari, inda magudanar ruwan dam ta ratsa ta bayan gari. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yansa biyu, Sama'ilu da ƙanwarsa Firdausi, suka ce ba za a raba ta ba. Sama'ilu manomi ne tun tasowarsa, bai san wata sana'a ba. Ita kuwa Firdausi ta yi shekaru tana koyarwa a wata firamare a cikin birnin Kano kafin aure ya dawo da ita gida. A can ne ta taɓa tambayar 'yan ajinta inda ake samun gyaɗa, wani ya ce a bishiya, wata ta ce a kanti. Amsar nan ce ta tsaya mata a rai, har ta zo wa yayanta da shawarar su riƙa karɓar 'yan makaranta suna nuna musu gona.

Sama'ilu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Wa zai cika mota da yara tun daga birni don su ga akuya?" Amma bai hana ta ba. Cewa ya yi, "Ke ce mai baki, ke ce mai boko. Ni dai ki nuna mini inda zan tsaya."

Da haka ragamar abin ta zauna a hannunta. Ita ke magana da shugabannin makarantu, ita ke tsara wa kowa aikinsa. Sama'ilu na wajen dabbobi da kunyoyi, matarsa Fadima na wajen girki, mahaifiyarsu Inna Adama kuwa tana gindin ɗorawa da turminta, tana koya wa yara daka, tana yi musu waƙa suna amsawa. Duk makarantar da ta zo, labarin Inna yaran suke komawa da shi gida.

Sai ciwon ido ya kama Inna. An kai ta asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Ganin ya yi ta ja baya a hankali. Wata rana a gaban yara ta ɗauki ƙwaryar gero za ta juye a turmi, ta juye a ƙasa. Yaran suka fashe da dariya, ba da mugunta ba, irin ta yara kawai. Inna ta karkaɗe zaninta ta lalubi hanyar gida, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da gonar. Tun daga nan ba ta sake fitowa ba. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo. Duk sanda Firdausi ta taɓo maganar sai ta ce, "Ki rabu da ni. Ba zan zama abin kallo ba."

Ana cikin kaka, an fara cirar gyaɗa, wata mata ta kira Firdausi a waya. Ta ce sunanta Malama Fauziyya, daga wata makaranta a birni, suna so su kawo yara ranar Asabar. Har sun gama magana ta ƙara da cewa, "Af, ban faɗa miki ba, yaranmu makafi ne. Ina fata ba matsala."

"Ba komai, Allah ya kawo ku lafiya," in ji Firdausi. Tana ajiye wayar ta nufi gona.

Ta zagaya gonar tana kallon ta da sabon ido. Ga rijiya, ga magudanar ruwa, ga shanun noma masu ƙaho kamar me, ga ƙaya a shinge. Ta sa Sama'ilu ya mayar da dabbobin can ƙarshen gona ya ɗaure. Ta kwashe fartanya da lauje ta kulle a ɗaki. Ta shimfiɗa tabarmi a rumfa, ta jera faya-fayai, wannan da gero, wannan da wake, wannan da gyaɗa, da nufin yaran su zauna a miƙa musu su taɓa.

Sama'ilu ya ce, "To in a zaune za su wuni, me ya kawo su gona?"

"Yaya, amanar mutane ce. In wani ya faɗa rijiya me za mu ce?"

Bai ja da ita ba. Inna kuwa ba a faɗa mata ko su wane ne baƙin ba, don Firdausi na tsoron kada abin ya fama mata ciwo.

Da hantsi motar ta iso. Yaran suka sauko, kowa da hannu a kafaɗar na gabansa, wasu riƙe da farar sanda, suna surutu kamar kowane yara. Wata doguwar mata mai baƙin tabarau ta sauko a ƙarshe ta yi sallama, da jin muryar Firdausi ta gane ita ce Malama Fauziyya. Ashe ita ma ba ta gani.

Aka zaunar da su a rumfa. Firdausi ta fara bayani tana zagayawa da faifai. Yaran suka taɓa, suka ce sun ji, suka miƙa wa na gaba. Ba a jima ba wasu suka fara hamma. Wata yarinya siririya mai suna Maimunatu ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, ina jin warin shanu, kuma ɗazu na ji kukan jaki. Gonar maƙwabtanku ce?"

Malama Fauziyya ta miƙe ta ce wa Firdausi, "Zo mu ɗan yi magana." Da suka matsa gefe ta yi ƙasa da murya tana murmushi. "Malama Firdausi, tabarma ai muna da ita a makaranta. Na san tsoro kike ji, kuma na gode. Ki nuna wa malamaina inda rijiya take da inda ake hura wuta, su tsaya a wajen. Sauran ki bar mana. In sun faɗi za su tashi."

Kunya ta rufe Firdausi. Ta waiwaya ta ga Sama'ilu tsaye yana kallon sama kamar bai ji komai ba. Ta ce, "Yaya, a kwanto dabbobin."

Ya taho da babban san nan nasa mai sanyin hali, ya riƙe igiyar hancinsa, ya riƙa kamo hannun yaran ɗaya bayan ɗaya yana ɗora wa a jikinsa. Suka shafa tozo, suka bi ƙaho tun daga tushe har tsini, wani ya kara kunnensa a cikin san ya yi ihu ya ce yana jin ƙugi a ciki. Jaki ya sha jan kunne har ya gaji. Daga nan aka gangara gonar gyaɗa. Sama'ilu ya durƙusa ya nuna wa na farko yadda ake tattara ganyen a dunƙule a ja, sai ga su sun bazu a kunyoyi, gwiwa a ƙasa. Duk wanda ya tumɓuko tushe ya laluba ya ji 'ya'yan na reto a saiwa sai ya ƙwala kiran abokinsa. Cinnaka ya ciji wani, ya yi ɗan kukansa, aka mulka masa ƙasa a wajen, ya koma kan kunyarsa. Firdausi na tsaye da hannu a ƙirji, sai kai-komo take tana cewa a yi a hankali, ba mai sauraron ta.

Suna dawowa gindin ɗorawa Malama Fauziyya ta ce, "Wata malama da ta taɓa kawo yara nan ta ba ni labarin wata tsohuwa mai waƙar daka. Ita ce ma ta sa na nemi lambarki. Tana nan kuwa?"

Firdausi ta faɗa mata komai.

"Za ki kai ni in gaishe ta?"

Suka bar yaran da Fadima a wajen turmi suka shiga gida. Inna na zaune a bakin gado da carbi a hannu. Aka gaisa, ta amsa a taƙaice, fuskarta na fuskantar bango. Malama Fauziyya ta laluba ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ta ce, "Inna, ni ma ba na gani. Yaran da kike jin hayaniyarsu ma duk haka."

Carbin ya tsaya. Inna ta juyo ta ce, "Firdausi, shi ne ba ki faɗa mini ba?" Ba ta jira amsa ba ta miƙa hannu har ta samu kan baƙuwar. "Da shi aka haife ki?"

"A'a. Ina goyon ɗana na fari ya same ni."

"Kin yi kuka?"

"Har na gaji, Inna."

Firdausi ta zaci yanzu Malama za ta shiga wa'azi a kan haƙuri, irin wanda 'yan dubiya suka yi ta yi har Inna ta daina karɓar su. Ba ta yi ba. Inna ce ma ta jefo tambaya, wai yaya take zuba ruwan zafi a kofi ba ta ƙone ba, kuma wa ke yi mata girki. Malama ta ce ita ke girkinta, har tuwo, ta kuma kwatanta mata yadda ƙarar ruwa ke sauyawa in kofi ya kusa cika. Inna ta ce, "Ikon Allah."

A daidai nan ne ƙarar turmi ta shigo ta kan katanga. Ba irin dakan da aka sani ba ne. Taɓarya na sauka sau ɗaya a ciki, sau biyu a gefe, ƙwas, ƙwas. Inna ta karkata kunne, fuskarta ta murtuke.

"Wane ne yake neman fasa mini turmi?"

"Yaran ne, Inna. Fadima na koya musu."

"Fadima! Ita da injin niƙa ya lalata? Miƙo mini mayafina."

Firdausi ta miƙa mata, ta kamo tsintsiyar hannunta za ta ja ta. Inna ta fizge. Malama Fauziyya, da ta ji motsin, ta ce, "Kada ki ja ta. Ki wuce gaba kaɗan, ita ta riƙe gwiwar hannunki. In akwai dakali ki ce akwai dakali." Haka suka fito su uku a jere.

Sama'ilu na ɗaure jaki ya hango su. Igiyar ta suɓuce masa. Ya buɗe baki, Firdausi ta girgiza masa kai, ya haɗiye maganarsa.

Inna ta isa turmin ta shafa bakinsa duk zagaye tana tsaki. Ta ce, "Wace ce riƙe da taɓarya?" Maimunatu ta ce ita ce. Inna ta tsaya a bayanta, ta ɗora hannuwanta a kan na yarinyar, ta gyara mata tsayuwa da ƙafa. "Ba ƙarfi ake sa wa ba. Ɗaga, ki sake ta, ita ta san hanya. Kin ji wannan ƙarar? In kin ji ta, kina tsakiya." Suka daka tare, ƙarar ta daidaita. Can sai Inna ta ɗauko waƙar a hankali, muryar a dushe saboda daɗewa ba ta yi ba. Fadima ta amsa mata daga wajen murhu, yaran suka kama amshin suna tafi. Sai da kowane yaro ya karɓi taɓarya, ta yi wa wannan faɗa, ta yaba wa wancan, ta tambayi kowa sunansa da na garinsu.

Bayan azahar aka ci dafaffiyar gyaɗar da suka cira da hannunsu, aka gasa musu tumu, aka dama fura. Da za su tafi Firdausi ta riƙe hannun Malama Fauziyya ta ce, "Allah ya saka da alheri." Malama ta ce, "Mu ke da godiya. Kayan makarantarsu dai sun yi buɗu-buɗu, masu wanki za su yi da ke."

Ba za a ce Inna ta warke daga abin da ke ranta a wuni ɗaya ba. Asabar ɗin da ta biyo baya wata makarantar masu gani ta zo, Inna ta ce kanta na ciwo, ba ta fito ba. Daga baya ta riƙa fitowa wata rana, wata rana ta ƙi, Firdausi kuma ta koyi yin shiru ta bar ta da zaɓinta.

Amma a yammacin ranar farkon nan, bayan la'asar, da mota ta tafi aka share rumfa, Inna ta aika a kira Firdausi. Ta ce kafaɗunta kamar ba a jikinta suke ba, a zo a shafa mata man kaɗanya. Firdausi ta durƙusa a bayanta tana murzawa, Inna na ta mita, wai geron da aka ba yaran bai bushe ba, wai Sama'ilu ya bar turmi a rana har ya fara tsagewa.

Can Inna ta ce, "In sun ce za su dawo, ki ce su bari sai an yanke dawa. Yarinyar nan Maimunatu hannunta na da kyau, ina so in koya mata shiƙa."

Firdausi ta ce to. A zuciyarta hamdala take ta jerawa, ga Allah, ga matar da ta zo ta kwance mata abin da ta ɗaure da hannunta, ga yayanta da bai taɓa ce mata ai na faɗa miki ba. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi yana zuba tunda ba mai gani.

"Ke, ki daina ɗiga mini ruwa a wuya," in ji Inna. "Matsa ƙasa kaɗan, nan ne ke ciwon."