Ranar da Ba Ma Nan

Da hantsi, ranar Nyepi, wani tsohon Bature ya fito tsakiyar hanya yana gudu ba takalmi, yana ihu.

Nengah Lodra ya tsaya cak, sandar sintiri ta kusa suɓuce masa. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin muryar ɗan Adam ta tashi haka a wannan rana ba. Ranar Nyepi ba a kunna fitila, ba a hura murhu, ba a fita, ba a aiki. Jariri ma in ya buɗe baki, da nono ake toshe shi. Miyagun aljanu ne ke ratsawa ta sama, dole su tarar da tsibirinmu kamar kango, su ce ba kowa, su wuce. 'Yan sintiri kaɗai ke taka hanya, su ma da raɗa suke magana.

"Wancan ba ɗan hayarka ba ne?" in ji Gede Parsa, shugaban 'yan sintiri, ɗan wan baban Lodra. "Giya ya sha da safiyar nan?"

"Pak Yos ba ya sha, Bli," in ji Lodra. Bli muke ce wa yaya, Pak kuma dattijo.

"To, hauka ce. Je ka rufe masa baki kafin in rufe masa da sanda."

Tsohon ya iso ya damƙi wuyan rigar Lodra. Fuskarsa ta yi jajir, yatsun ƙafarsa na jini.

"Igiyar! Ina igiyar janareta?"

"Pak, sannu, rage murya. Yau Nyepi."

"Babu wuta tun asuba! Babu waya! Na je in tayar da janareta, an cire igiya! Tineke tana mutuwa!"

Lodra ya ji kamar an watsa masa ruwan ƙanƙara a ƙeya. Shi ya cire igiyar. Jiya da yamma, kamar kowace shekara, 'yan sintiri sun bi gida-gida sun kwance igiyar kowane janareta, an kulle su a zauren gari. Ya shiga ta baya ya cire ta gidan hayarsa, har ya ɗaga wa Ibu Tineke hannu ta taga. Bai faɗa musu ba. Wa ake faɗa wa? Kowa ya sani.

Pak Yos ɗan ƙasar Holan ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Matarsa Ibu Tineke huhunta ya lalace, da na'ura take numfashi, na'urar kuma wuta take ci dare da rana. Sanyin ƙasarsu ya kore su, suka yi ta yawo a yankin nan suna neman inda za ta ƙarasa kwanakinta. Ranar da Pak Yos ya zo ganin gidan, ko teku bai kalla ba. Ya zauna a baranda ya yi wa Lodra bayani kamar mai ba da shaida. Ya ce sun zauna a wani tsibiri na Filifin, ruwa garau, amma wuta sai ta ga dama. A garin da suka gwada a Kambodiya, zafi na tsananta sai a fara raba wuta unguwa-unguwa. A arewacin Tailan ya samu duka biyun, wuta da famfo, sai hayaƙin ƙona gonaki ya kusa kashe masa mata. Daga nan ya ɗaga yatsu biyu.

"Tambaya biyu nake yi wa kowane mai gida. Ruwa?"

"Ruwa babu daɗi," Lodra ya ce. "Na sama muke tarawa, tankin gidan nan kuma ya tsage. Matata za ta riƙa kawo muku a jarka."

"Wuta?"

"Wuta kam sai ka gaji da ita. Tun da aka kawo sabon inji ba ta ɗaukewa. In ma ta yi ƙyaf, ga janareta a baya."

Pak Yos ya ce mutumin da ya faɗi aibin ruwansa ba zai yi ƙarya a kan wutarsa ba. Ya kama gidan. Lodra kuwa bai yi ƙarya ba. Pak Yos ya san da Nyepi, ya sayi abinci, ya rufe tagogi da bargo, don an gaya masa a babban tsibiri haka ake yi: kowa ya kashe fitilarsa, amma wuta tana nan cikin waya. Mu a nan ba ma yarda da alkawarin mutum. Daga tushe muke kashe injin, tun asuba har wata asubar.

Su uku suka shiga gidan. Ibu Tineke na kishingiɗe a kujera, siririn tiyo a hancinta, leɓɓanta sun koma launin toka. Na'urar ta cinye batirinta ta yi shiru. Ƙaramar tukunyar iska ta ko-ta-kwana ce ke riƙe da ita, allurarta ta gangara cikin ja. Ƙirjin matar na hawa da sauka kamar na kifin da aka jefa kan yashi. Duk da haka da ta ga Lodra sai ta haɗa tafin hannu ta gaishe shi, ta kai yatsa kan leɓe, wai mijinta ya yi shiru, yau ranar mutane ce.

Wannan ya fi ihun tsohon dukan Lodra.

"Ka ce mini ba ta ɗaukewa," Pak Yos ya ce, muryarsa ta dushe. "Na tambaye ka. Na kalli idonka."

"Ai ba ɗaukewa ta yi ba, Pak. Nyepi ce."

Maganar na fita ya ji wautarta. Baƙo ko da ido makaho ne, amma ashe ɗan gari ma akwai abin da ido ya saba da shi har ya daina gani.

Parsa ya ja shi waje ta hannun riga, yana magana ta tsakanin haƙora.

"Kai jaki ne, Nengah? Mace a bakin kabari a gidanka, ba ka kai maganarta gaban dattawa ba? Masu ciki ma tun shekaranjiya aka tsallaka da su asibiti!"

"Ban kawo a raina ba, Bli."

"Kana da ran da za ka kawo?"

"Ba ni makullin zaure."

"Yana wurin dattijon gari, can bayan tudu. Kafin ka je da ƙafa ka dawo an gama." Parsa ya kalli janaretan, tsohon inji mai tsatsa a ƙarƙashin rumfa. "Kuma ko igiyar na hannunka, ka san abin da kake cewa? Wannan in ya tashi har masunta a babban tsibiri sai sun ji. Ka manta shekarar da masaukin baƙi ya kunna nasa?"

Ba wanda ya manta. Shekarar ciyawar tekun da muke nomawa ta ruɓe a igiyoyinta, kuma kwalekwale ya kife da Sugi, ɗan Parsa na fari, ba a ga ko hularsa ba. Daga lokacin aka fara kwance igiyoyi. Parsa ne ya kawo shawarar.

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka," Parsa ya ce. "Amma wannan ba kai kaɗai zai doka ba. Akwai 'ya'yan mutane a teku gobe."

"To, in tsaya in kalle ta?"

Daga ciki ana jin Pak Yos yana kiran sunan matarsa a hankali, yana maimaitawa.

"Ku dai maza ku ci gaba da wa'azi."

Luh Kerti ce, matar Lodra. Gidansu katanga ɗaya ce da gidan hayar, ta ji komai, ta hauro da zane ɗaure a ƙirji, guga a hannu da igiyarsa.

"Koma gida, Luh! Yau ba a fita," in ji Parsa.

"Ban fita ba, Bli, katanga na hau. Ga igiya, a tsinke silli ɗaya ya isa." Ta juya kan mijinta. "Kai kuma, tsagaggen tankin banzan nan naka da na yi ta magiya ka liƙe, har gadon bayana ya karye da ɗaukar jarka, ba ga shi nan a bushe ba? Ku zura injin ciki ku rufe. In aljanu sun ji, su ɗauka ƙasa ce ke minshari."

Tankin yana tsakar gida, rami ne na siminti, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Lodra ya kalli Parsa. Parsa ya kalli ramin, ya kalli sama, sama tas ba ko tsuntsu. Ya daɗe. Sai ya jingine sandarsa da bango ya kama ƙafar janaretan.

"Ɗaga mana, jaki. Ni kaɗai zan ɗauka?"

Suka zura shi da igiyar shanya da ragowar ta guga, Pak Yos na jan doguwar waya daga ɗaki. Luh Kerti ta jera katako a bakin ramin, ta jawo katifar baƙi da buhunan ɓawon kwakwa, ta soka gora biyu don iska ta shiga hayaƙi ya fita. Lodra ya sauka ta tsani. A ƙasa duhu ne da warin tsohon ruwa. Ya naɗa sillin igiyar a bakin injin. Ya ja, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja.

Ƙarar da ta tashi ba ta da kama da ta janareta. Ramin ya haɗiye ta ya amayo ta ninki, kamar an buga ganga a cikin kunnen tsibirin. Karnuka suka ɗauka daga wannan gaɓa har waccan. Zakaru suka ruɗe. A kowane gida mutane sun daskare inda suke zaune, wata tsohuwa a maƙwabta ta ce ta ɗauka ƙarshen duniya ne. Lodra ya fito yana tari, suka danne katako, suka tula katifa da buhuna. Ƙarar ta ragu, amma tana tsiyaya ta wata kafa. Parsa ya kwance zanensa na sintiri, mai baƙi da fari, wanda ba a yarda ya taɓa ƙasa, ya dunƙule ya cusa a kafar.

Sai gurnani kawai ya rage, a tafin ƙafa ake jin sa.

A ɗaki na'urar ta yi ƙyaf, ta fara huci. Pak Yos ya durƙusa ya kifa kai a gwiwar matarsa. Launi ya riƙa dawowa leɓɓanta kaɗan-kaɗan. Parsa bai ma shiga ba. Ya fita daga shi sai gajeren wando, ya tsaya a kan tudun bakin gaɓa yana kallon teku, yana nan har rana ta faɗi.

Dattawa suka yanke wa Lodra sharar haikali da hadayar wanke gari, ya kuwa yi. Pak Yos bai sake yi masa magana ba. Da Ibu Tineke ta ji ƙarfi suka tattara suka koma wani birni a Malesiya, inda aka ce famfo da wuta ba su san wata rana ta daban ba. Ta bar wa Luh Kerti tukwanenta. Parsa har yau kowace safiya yana bakin gaɓa, sai kwalekwale na ƙarshe ya shigo yake tafiya gida. Tankin kuwa Luh Kerti da kanta ta hana a liƙe.

Bayan damina wani saurayi ya zo neman haya, da kwamfuta a jaka, irin masu aiki daga nesa. Ya zauna a barandar nan ya ce shi ya zaga ƙasashe, abu biyu yake tambaya.

"Ruwa babu," Lodra ya ce tun kafin ya ƙarasa. "Wuta akwai, ban da rana ɗaya a shekara."

"Me ke faruwa ranar?"

Lodra ya kalli bakin ramin, katakon na nan a jere.

"Ba ma nan," ya ce.