Inuwar Fenti

Ran Litinin Oga, mai ofishin zanen gine-ginen da nake aiki, ya tsaya a bakin teburina yana juya makullin mota a yatsa. Haka yake yi duk lokacin da zai faɗi maganar da ba ta da daɗi.

"Anti, gidan Likita shi ne gwajin ƙarshe. In zanenki ya sa ta sa hannu ta ba mu aikin, kina nan da mu. In ba haka ba, kin dai ga kowa ya koma kwamfuta."

Wai kowa! Ni da na fara wanke buroshi a ofishin nan tun yana zuwa wurin mahaifinsa, mai ofishin na farko, da wandon makaranta. Amma ina zan sa kaina? Yara uku nake riƙe da su ni kaɗai tun rasuwar babansu, kuma abu ɗaya na iya a duniya: a ba ni zanen gaban gini, layuka zalla, in bi shi da fentin ruwa har mai gida ya hango kansa a ciki. A shekaruna wa zai zaunar da ni ya koya mini kwamfuta?

Na jiƙa takarda, na manne ta a katako, na fara da sararin sama. Ɗigo ɗaya ya faɗo daga buroshi a kan bangon da bai bushe ba, ya bazu kamar mai a riga. Na yage, na sake. Ta biyu ma tagogin suka zubo da hawaye. Wallahi a ta uku sai da na riƙe wuyan hannuna na dama da na hagu, ina salati, kafin layi ya miƙe.

Inuwa ce aikin ƙarshe. A sana'armu rana ba ruwanta da gabas ko yamma. Kullum tana bayan kafaɗar mai zane ta hagu, haka aka koya mana, don ginin ya yi jiki ya taso daga takarda. Na haɗa shuɗi da ɗan ja da ruwa mai yawa, na shimfiɗa wa barandar gidan inuwa mai sanyi. Ni kaina da na ja baya na duba, sai na ji ina son in tuɓe takalmi in zauna a wurin.

Ran Alhamis Likita ta zo tana turo mahaifinta a keken marasa lafiya. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakin ya karkace. Shi take gina wa gidan. Oga ya yi ta zuba kamar rediyo, Injiniya kuma, mai yi mana lissafin ginin, yana gefe da kwamfutarsa a rufe. Sannan aka ce in buɗe nawa.

Na ɗage takardar da ke rufe da zanen. Tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya ɗora yatsa a kan barandar.

"Nan," ya ce.

Likita ta rufe baki da tafin hannu, hawaye suka zubo mata. "Tun da ya kwanta bai taɓa cewa yana son wani abu ba. Da la'asar kawai yake yarda a fito da shi, ya ga mutane suna wucewa. Inda muke haya rana ce take kora shi ciki." Ta jawo biro daga jaka. "Ina zan sa hannu?"

Oga ya tura mata takardun har yana tuntuɓe da kujera. Ni kuwa sai zuciyata ta yanke. Na san filin, na je na gan shi da idona. Barandar nan yamma take kallo. Daga azahar har magariba rana za ta zauna a cikinta daram, ko kaza ba za ta tsaya a wurin ba.

Na ce wa kaina, ke, ina ruwanki? Ba ke kika juya gidan yamma ba. Ki yi shiru ki ci abincinki, ki ciyar da marayu. Na cije leɓe. Amma yatsan tsohon yana nan a kan fentina, yana shafa shi a hankali.

"Likita, dakata," na ji bakina ya faɗa. "Inuwar nan tawa ce, ba ta Allah ba. Da la'asar babu ita a wurin."

Oga ya yi wata dariya mara daɗi. "Anti akwai barkwanci!"

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye biro. "To ina rana take faɗowa da gaske? Wa zai nuna mini?"

Injiniya ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ba mugu ba ne bawan Allah. Ya buɗe kwamfuta ya juyo mata. Ga gidan, ga rana tana tafiya a kansa daga safe zuwa yamma, barandar fari fat da la'asar. Ya danna nan, ya danna can, ya mayar da barandar ɗaya gefen, inuwa ta rufe ta. Kafin shayin da aka zuba musu ya huce an gama.

"Alhamdulillahi," in ji Likita. "Wannan nake so. Da tun farko shi kuka nuna mini ai." Ta sa hannu.

Oga bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi ya fi mini sauƙi. Ya dai raɗa mini, "Anti, kin ji da kunnenki." Na ji. Ofis ya samu aiki, nawa ya ƙare, kuma da bakina na kashe shi. Na dafa tebur ina tunanin abin da zan gaya wa yaran nan.

Da za su tafi Likita ta yi ƙoƙarin zare zanen daga hannun mahaifinta. Ya ƙi saki, ya danne shi a ƙirji har takardar ta lanƙwashe. Ta nuna masa kwamfutar, ta ce, "Baba, ga gidanka na gaske can." Ko kallo bai kai wurin ba.

Ta juyo gare ni da kunya. "Anti, kuna da sauran amfani da shi?"

Na dubi Oga. Yana can yana jera takardu.

"A'a," na ce. "Ku tafi da shi."