Rumfar Zaɓe a Falon Ummi

Ummi ba ta roƙi kowa ya mai da falonta rumfar zaɓe ba. Mijinta Abdussalam ne ya dawo daga taron kwamiti da fara'arsa, irin fara'ar mutumin da ya yi kyauta da kayan wani, ya ce mata an gama magana.

Ƙarshen shekarar 2013 ne, Alƙahira ba ta zauna daidai ba. An fito da sabuwar doka a kan taruwar jama'a, ba wanda ya san iyakarta, kowa dai yana kaffa-kaffa. Ƙungiyar ɗaliban jiharsu ta saba yin zaɓenta a zaure ɗaya a unguwar Madinat Nasr, amma bana duk mai zauren da aka tunkara sai ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Shi ne kwamiti ya raba ɗalibai gida uku, kowane rukuni ya jefa ƙuri'a a gidan wani: Giza, Madinat Nasr, Ainu Shams. Abdussalam ne sakatare, kuma a duk Ainu Shams ba mai falo kamar nasu.

"Malam, ka manta sharaɗin Hajja?" in ji Ummi.

Hajja Nawal ce mai gidan, tana zaune a hawan da ke ƙarƙashinsu ita da ɗanta tilo. Jami'an tsaro sun taɓa kwashe yaron tare da wasu a bakin titi, ya daɗe bai dawo ba, tun daga nan ko ƙarar babur ta ji sai ta leƙa taga. Da ta ba su haya abu ɗaya ta nema: ban da taro. Ummi kuwa ta sha ƙaura a garin nan har ta gaji, daga gidan da ruwa ba ya hawa zuwa gidan da maƙwabta ba sa amsa sallama. A nan ne ta fara barci da ido biyu a rufe. Ga ciki ya tsufa, ga uwarta tana can gida Najeriya, kuma Hajja ta riga ta ce ranar haihuwa ita za ta riƙe mata hannu. Ummi na son gidan nan, tana son matar nan, ba ta ɓoye wa kowa ba.

"Ai ba taro ba ne," in ji Abdussalam. Ya shimfiɗa taswirar metiro, jirgin ƙasan cikin gari, a kan tabarma. "Duba nan. Duk wanda ke bin layi na ɗaya, daga Marg har Gamra, namu ne. Magidanta ne, ba su da yawa. Madinat Nasr kuma sun yi wa gida ɗaya yawa, sai na yanko Hayyul Ashir na haɗa mana, tunda mota ɗaya ce za ta kawo su Alf Maskan, nan kusa da mu. Kin ga an daidaita."

"Hayyul Ashir? Unguwar gwauraye?"

"Ɗalibai ne kamar kowa. Bibbiyu za su riƙa zuwa, kowa da lokacinsa. Ya shigo, ya jefa, ya fita. Ko ruwa ba za a ba kowa ba."

Ummi ta dube shi. Mutum ne mai ilimi, in ya fara warware mas'alar gado sai ka ji kamar ka tafa masa, amma a ransa ya yarda cewa Bahaushe zai shiga gidan ɗan'uwansa ya fita bai zauna ba.

An sa zaɓen ran Asabar, don Juma'a a Ainu Shams ranar zanga-zanga ce, ba ranar yawo ba. Tun safe Ummi ta kasa zama. Ta share falo, ta sake sharewa, ta leƙa baranda, ta ga mai kantin da ke kallon ƙofar gidan yana zaune a kujerarsa kamar kullum, ba abin da ke wuce shi. Don ta sama wa hannunta aiki sai ta ɗora tukunya. Ba don kowa ba, tuwonsu ne na rana su biyu, da miyar kuka da daddawar da aka aiko mata daga gida.

Magidanta suka fara zuwa, kuma gaskiya sun bi doka, don kowa ya baro abin da ke jiransa. Wajen hantsi sai ga mutanen Hayyul Ashir na farko, Habibu da Ɗantsoho. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa, suka jefa ƙuri'a, har sun juya. Sai Ɗantsoho ya tsaya cak, ya ɗaga hanci.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Daddawa."

Ummi na tsaye a ƙofar kicin da muciya a hannu. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an bar baƙo ya fita a kan abinci ba a yi masa tayi ba. Bakinta ya riga tunaninta.

"Bismillah, ku tsaya ku ci mana."

A gida, in an yi maka irin wannan tayin, cewa kake Alhamdu lillahi, ka wuce. Kowa ya san haka. Amma wannan a gida ne, inda tuwo ke jiranka a ɗakin uwarka. Waɗannan bayin Allah sun shekara suna fama da wake da gurasa. Ɗantsoho bai ma bari ta rufe baki ba ya nemi wuri ya zauna.

"Allah ya saka da alheri, Anti. Wallahi ba za mu ƙi ba."

Abdussalam ya harare ta, ta harare shi. Kafin a sauke tukunya Habibu ya riga ya fita baranda da waya a kunne.

Daga nan lokacin da aka yanka wa kowa ya tashi aiki. Waɗanda aka ce su zo gab da la'asar suka iso kafin azahar. Waɗanda suka ce ba ruwansu da zaɓen bana suka tuna ashe haƙƙinsu ne. Ummi ta ƙara ruwa a miya, ta sake tuƙa wani tuwon, shinkafar wata guda ta tafi. Wanda ya ci ba ya tashi nan take, kada a ce don abinci ya zo. Sai ya gaida Malam, ya tambayi mutanen gida, ya gano wani ɗan garinsu da suka daɗe ba su haɗu ba. Wakilan 'yan takara suka ce su ba za su gusa ba sai an ƙirga a gabansu, magoya baya kuma suka zauna gadin wakilan.

Fitowar da Ummi ta yi don ta leƙa matakala, sai ta yi turus. Takalma ne tuli a bakin ƙofa, silifa, sandal, sau-ciki, sun cika dandamalin har sun fara gangara. Ko makaho ya taka su ya san akwai jama'a a ciki. Ta sunkuya da ƙyar, ta kwasa, ta kai ɗakin kwana ta zube bayan ƙofa. Kafin ta dawo wasu sun taru.

"Don Allah ku shigo da takalmanku," ta ce wa wasu uku da suka iso suna haki.

"Subhanallahi, Anti! Gidan Malam? Da takalmi?"

"To ku riƙo su a hannu."

Suka yi dariya, sun ɗauka wasa take yi. Suka tuɓe, suka jera su tsaf a inda ta share, suka wuce.

Haka ta yi ta zirga-zirga, kicin, ƙofa, baranda. Bayanta na ciwo, ƙafafunta sun kumbura, amma zama ya gagara. A baranda ta ga mai kanti ya bar kujerarsa, ya tsaya a bakin titi yana kallon sama. A falo kuwa an shiga gardama kan wanda ya fi cancanta, kuma gardamar mutanenmu ba ta san bango ba.

Ta ja mijinta kicin.

"Malam, ka sallame su. Don girman Allah ka sallame su."

"Ummi, doka ta ce ba a rufewa sai bayan la'asar. Duk wanda ya zo kafin nan sai ya jefa."

"Waɗanda suka jefa fa? Me suke jira?"

Ya share zufa. Shi ma ya tsorata, ta gani a idonsa, sai dai kunyar jama'a ta fi ƙarfinsa. Ya fita ya tafa hannu.

"Jama'a, wanda ya jefa ya yi haƙuri ya kama hanya. Yalla, a tashi, don Allah."

"Tamam, mun ji, Malam. Yanzun nan."

Ba wanda ya motsa. Wani daga lungu ya ce ai lokacin salla ya yi, gara a yi jam'i a samu lada, sannan a watse. Wa zai ce a'a? Aka ture kujeru, aka yi sahu har cikin lungun banɗaki. Ummi na tsaye a kicin lokacin da aka tafi sujada. Gwiwoyin mutanen nan duka suka sauka lokaci guda, har kofunan da ke kan kanta suka yi ƙara. Ta rufe ido. Ɗakin Hajja ne a ƙarƙashin falon, daidai inda take kishingiɗa da rana.

Bayan salla ma ba a watse ba, don an ce saura kaɗan a rufe, gara a ga ƙarshe.

Tana bakin ƙofa da takalma cike da hannu ta ji tafiyar da ta sani, mai nauyi, ana hutawa a kowane taki. Hajja Nawal ta ɓullo da baƙar rigarta, tana dafe da bango. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi takalman da ke ƙasa, ta dubi na hannun Ummi, ta saurari hayaniyar da ke fitowa daga ciki.

"Ajiye su, 'yata," ta ce da Larabci. "Mai ciki ba ta ɗaukar kayan ƙattai."

"Mama, zaɓen ɗalibai ne kawai. Na ƙungiyarmu. Wallahi ba ruwansa da siyasar ƙasarku. Yanzu za su tafi."

"Na sani. Ni na san ku." Ta numfasa. "Mai kanti ya aiko yana tambaya. Na ce walima ce. Ya ce wace irin walima ce ba mata, ba yara? Na ce haka kuke yi a ƙasarku. Yau na yi ƙarya saboda ke, ban ji komai ba. Amma shi ba zai bar maganar a cikinsa ba. In aka zo tambaya, ba ƙofarku za a fara bugawa ba. Za a ce gidan wa ne, wa ke ciki, ina ɗanta."

Ummi ta ƙanƙame takalman a ƙirji. Da matar ta zage ta, da ta sami abin cewa.

"Ba zan iya sake tsayawa a bakin wata ƙofa ina tambayar inda yake ba," in ji Hajja. "Ƙarshen wata ku tashi, 'yata. Khalas, an gama. Ki yafe mini."

"Mama, haihuwata fa?"

Hajja ta ɗora hannu a kan cikin, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Idonta ya kawo ruwa.

"Allah ya sauke ki lafiya," ta ce. Ta juya ta fara sauka, a hankali, ba ta waiwayo ba.

Ummi ta tsaya har ta ji an rufe ƙofar ƙasa. Haushin mijinta take ji, da na Ɗantsoho, da na bakinta da ya yi tayi, ta rasa wanda za ta fi ɗora wa. Ta saki takalman suka zube inda suka ga dama, ta shiga.

An rufe zaɓe, an zazzage ƙuri'u a kan tabarma ana warewa. Akwatin zaɓen, wani babban kwalin man girki ne da aka tsaga wa baki, yana gefe a kife. Habibu ya sauke waya daga kunne yana murna.

"Jama'a, Giza ba kowa, Madinat Nasr ma sama-sama! Mu muka fi kowa fitowa!"

Aka ɗauki kabbara.

"Wallahi rabon nan na Malam ya yi," in ji Ɗantsoho. "Ni shawarata, a bar shi haka. Baɗi ma nan za mu zo."

Aka ce an yarda, an yarda. Abdussalam ya ɗago yana murmushi, gajiya da jin daɗi sun haɗu a fuskarsa, ya nemi idon matarsa don ta taya shi. Da ya ga fuskarta murmushin ya tsaya.

"Ummi, lafiya?"

Ta nuna kwalin da yatsa.

"Malam, in kun gama da wancan ku bar mini shi. Ƙaura ta kama mu, zan fara da kwanuka."