Faifan da Aka Yi Sadaka da Shi

Kwamfutar Mu'azzam ba ta taɓa yi masa laifi ba sai ranar da ya ce zai kyautata mata. Tsohuwa ce, tana da nawa kamar jakin da aka yi wa lodin gero, amma da ita yake haɗa bidiyon bukukuwan Kazaure da ƙauyukanta, kuma ba ta taɓa kunyata shi ba. To, ɗan Adam ba ya zama lafiya. Bayan ƙaramar Sallah ya hau mota sai Kano, ya dawo da ram guda biyu masu ƙara mata sauri, da katin hoto, da wani siririn faifan ajiya wanda mai shago ya rantse masa gudunsa ya fi walƙiya. Duk na hannu ne. Ya kwafe ayyukansa daga tsohon faifai zuwa sabo, ya ɗaura kayan gaba ɗaya a yini guda, ya zauna yana murmushi shi kaɗai a shago.

Tsofaffin kayan kuwa bai bari sun kwana biyu ba. Surukinsa Malam Dunoma yana da Islamiyya a Babura, kuma 'yarsa Sadiyya, matar Mu'azzam, ta taɓa cewa kwamfutar makarantar ta mutu. Wannan Malam Dunoma shi ne wanda ya ce, lokacin neman aure, ɗaukar hoton mata a wajen biki ba sana'a ba ce. Mu'azzam bai manta ba. Ya naɗe tsohon ram da tsohon faifai a leda, ko goge abin da ke ciki bai tsaya yi ba, ya kai Babura da hannunsa. Bayan sallar la'asar Malam ya miƙe a masallaci ya shaida wa jama'a cewa surukinsa ya yi wa makaranta sadaka mai gudana, aka ɗaga hannu aka yi masa addu'a. Ranar Mu'azzam ya dawo gida kansa ya yi girma har hula ta yi masa kaɗan.

Daɗin bai daɗe ba. Yana cikin aiki wata safiya sai kwamfuta ta ƙame. Kibiyar da ke kan allo ta tsaya, ya danna nan ya danna can, shiru, sai fanka kawai ke juyawa. Ya kashe ta daga bango ya kunna, ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Da ma tana da lokacin yi, da da sauƙi. Wata rana ta yini tana aiki, wata rana ko gama tashi ba ta yi za ta daskare.

Ana cikin haka Tasalla ta zo. Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Roni, mai tallar nono, kuma a rugarsu Mu'azzam ya ɗauki wani biki kafin azumi, bai kai ga haɗa bidiyon ba. Ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa ta tsuguna, ta gaishe shi har da tambayar iyali, tana kallon ƙasa.

"Inna, lafiya dai?" in ji Mu'azzam.

"Hoton bikin nan na zo tambaya, ɗana," ta ce. "An ce wancan yana ciki."

"Wa ke nan, Inna?"

Ba ta faɗi sunan ba, sai wata mata da suka zo tare ta faɗa masa. Daudu ne, ɗanta na fari, maciji ya sare shi a wajen kiwo, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, an bincika wayoyin 'yan biki ba a same shi ba. Tasalla kuwa tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta kalli fuskarsa a gaban mutane ba, don haka kunyar ɗan fari take a wurinsu. Yanzu da babu shi, so take ta gan shi.

Mu'azzam ya tuna shi sarai. Dogon saurayi ne, can wajen ƙarshen biki ya jawo bijimi ya wuce ta gaban kyamara, ya waiwayo yana dariya. Memorin kyamarar kuwa tuni ya goge ya ɗauki wani biki da shi, don guda ɗaya gare shi. Ya ce mata ta dawo ranar kasuwa mai zuwa, in Allah ya so za ta ga ɗanta.

Ya ɗauki kwamfutar a bayan babur ya kai wa abokinsa Zubair, mai gyara a bakin tasha. Zubair ya saurari labarin yana girgiza kai.

"Kai ma dai, wa ya ce ka sauya abu uku a rana ɗaya? Yanzu wanne za mu kama? Kawo tsofaffin kayan mu mayar ɗaya bayan ɗaya, mu ga mai laifin."

"Babu su. Na yi sadaka da su."

"To ka karɓo aro mana."

"A wurin Malam Dunoma? Bayan an yi mini addu'a a masallaci?" Mu'azzam ya riƙe baki. "So kake a ce ni ne karen da ya yi amai ya dawo ya lashe? Ka nemi wata hanya."

Zubair ya nemi wata hanya, ba don ya yarda ba. Ya cire ram ya goge haƙoransu da abin goge fensir, ya mayar da guda ɗaya, ta daskare. Ya sauya da ɗayan, ta yini lafiya har suka fara taya juna murna, da yamma ta daskare. Suka ce zafi ne, suka buɗe cikinta suka kafa mata fankar tsaye kamar mai jego. Suka ce wuta ce, Mu'azzam ya aro sitabilaiza, ya ma gwada ta a janareta. Suka cire katin hoto baki ɗaya. Kowane gwaji sai ya cinye yini, don ba a sanin an yi nasara sai an zauna jiran cutar ta dawo, kuma kullum sai ta dawo.

Ranar kasuwa Tasalla ta zo, ya ba ta haƙuri. Wata ranar kasuwar ta sake zuwa, ya sake ba ta haƙuri. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Sai ta ce Allah ya ba da sa'a, ta zuba masa nono a kofi, ta ɗauki ƙwaryarta. Nonon nan ba ya iya shansa, maƙwabta yake ba. Ya san maganin yana Babura, kullum sai ya ce gobe zai je, gobe ta yi ya tuna fuskar Malam Dunoma ya fasa.

A ƙarshe Zubair ya cire sabon faifan ya ɗaura a tasa kwamfutar, wadda ba ta taɓa ko tari ba. Ya fara kwafe bidiyon bikin, bai yi nisa ba ita ma ta ƙame.

"Ga ɓarawon," in ji Zubair. "Faifan nan mutuwa yake yi, kuma duk kunnawar da muka yi ƙara kashe shi muka yi. Ba ya kwafuwa, in ka tsallaka bidiyon gaba ya tsaya. Abokina, ka ajiye kunya ka tafi Babura yau."

Ya tafi. A zaure ya sami Malam Dunoma, ya cire takalmi ya durƙusa, gaisuwa ta ƙare ya sake sabuwa, har Malam ya tambaye shi ko akwai magana.

"Allah ya gafarta Malam, faifan nan ne. Ba karɓa na zo yi ba, wallahi. Akwai wani aikin mutane a ciki, zan kwafa kawai in mayar."

Malam ya dube shi. "In kana son abinka ai sai ka faɗa, Mu'azzamu. Ba mu roƙe ka ba." Ya ɗaga murya ya kira ɗansa Jalaluddeen, wanda ke kula da kwamfutar makarantar.

Jalaluddeen ya shigo ya gaishe da Mu'azzam da fara'a. Da ya ji abin da ake nema sai fara'ar ta ragu.

"Ayya, Yaya Mu'azzam. Ai ya daɗe a ajiye ban taɓa shi ba, ina jiran ko za ka ce wani abu. Makon jiya Baba ya ce a fara aiki da shi. Da na buɗe na ga kiɗe-kiɗe ne da mata suna rawa, ga yara na shigowa ofis, sai na wanke shi tas. Na cika shi da karatun malamai."

Makon jiya. Mu'azzam ya ji kamar an zuba masa ruwan randa. Ya yi godiya, shi ma bai san godiyar me yake yi ba, ya fita. A waya Zubair ya ce masa da gogewa kawai aka yi da akwai dabara, amma tunda an zuba wani abu a kai har ya cika, aikin gama ya gama. Mu'azzam ya zubar da mutuncinsa a gaban suruki, bai kuma samo komai ba.

Ranar kasuwa Tasalla ta zo. Wannan karon bai ba ta haƙuri ba, ya gaya mata gaskiya daidai yadda za ta gane, cewa abin da hoton ke ciki ya kusa mutuwa, zai kunna shi, inda ya tsaya nan ne ƙarshe. Ta shigo shagon, ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa gaban allon.

Kwamfutar ta tashi da ƙyar. Bidiyo ya fara, mata na shewa, ana fito da ƙore, tsofaffi na zaune a inuwa. Mu'azzam ko motsi ya kasa, yana ta salati a zuci. Aka wuce rabon goro, aka wuce rawa, ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba. Sai ga ƙahon bijimi ya shigo ta gefen allo, ga igiya, ga dogon saurayi da sanda a kafaɗa yana tafiya, ya ba kyamara baya. Kafaɗarsa ta fara juyawa.

Nan ta daskare.

Ba fuska, sai ƙeya da gefen kunne ɗaya da wuyan riga. Mu'azzam ya jira, ya san jiran banza ne. Ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton allon.

"Inna, ki gafarce ni," ya ce. "Nan gaba kaɗan yake waiwayowa. Dariya yake yi. Bari in kashe in sake gwadawa, ko da yake ba ni da tabbas za ta sake tashi."

"Kada ka taɓa," in ji Tasalla.

Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Ta daɗe a haka. Masu kasuwa na wucewa a waje, wani ya leƙo yana tambayar nono, ba ta ji shi ba.

"Shi ne," ta ce a hankali. "Ta nan na san shi, ɗana. Sai ya juya zai tafi nake ɗaga ido."