Gemun Auduga na Papa Belinga

Ina durƙushe ina walda ƙarfen dandamali na ji wata murya da na sani daga bayan labule.

"Sake daga farko! Haka ake cire takalmi? Sai ka ce mai shirin tsallaka rafi."

Na ɗaga gilashin fuskata. Ƙarfe uku na rana ne, a wani gidan rawa da ke gangaren unguwar Mvog-Ada, kujeru a kife kan tebura, warin giyar jiya bai gama fita ba. Mai wurin ne ya kira ni in gyara masa ƙarfen da ya karye kafin wasan Kirsimeti. Aka ja labule, sai ga maƙwabcina Papa Belinga cikin jar rigarsa, da gemun auduga, da buhu a kafaɗa. A gabansa kuwa 'yata ce Mengue, cikin wata 'yar riga mai ƙyalƙyali da ba ta kai gwiwa ba.

Babu yaron da ya tashi a unguwarmu bai san labarin ba. Marainiya ta ajiye takalminta ƙwaya ɗaya a bakin ƙofa ranar jajiberin Kirsimeti, tsoho mai jar riga ya zo ya cika mata shi da alewa. Shekara talatin Papa Belinga yana yi wa yara wannan wasa a gindin mangwaronsa. Mengue tana da shekara shida ta fito a marainiyar, ni na ɗauke ta a wuya zuwa gida. Yanzu tana da ashirin da biyu, kuma labarin ya canza. Marainiya ta ga takalmi ya cika, sai ta cire ɗayan. Ya cika. Ta zare safar hannu da haƙoranta, a hankali. Ta soma warware ɗankwali, ganga tana bin ƙugunta. Tsoho yana share zufa yana lalube cikin buhu.

"Kaya sun ƙare, 'yar nan! Ki ji tausayin mai furfura!"

Matan da ke goge daɓe suka kwashe da dariya. Ban san lokacin da na hau dandamalin ba. Na kama gemun na fizge, robar ta tsinke ta mare shi a kunci.

"Wannan ne karatun?" na ce. "Wannan ne?"

Wata takwas ke nan kullum da rana Mengue take ɗaukar littattafanta ta shiga gidansa, don jarrabawar da ta faɗi sau biyu. Ni na kai ta da hannuna. Tsohon malamin makaranta ne, ni kuwa aji shida na tsaya. Duk Lahadi sai na aika masa gasasshen kifi da rogo don godiya.

"Papa, sake shi, ba shi da lafiya!" in ji Mengue.

"Ke, wuce gida."

"Ba zan wuce ba."

A gaban makaɗa da masu shara ta faɗa. Na tattara kayan aikina na fita, ƙarfen ma ban gama ba.

Ba ta dawo gida ba. Gidansa ta koma, katanga ɗaya tsakaninmu. Ina jin ta tana ɗiban ruwa, ina jin tarinsa. Ƙafafunsa sun daɗe da kumbura, a makon nan kuma ya daina fitowa ko ƙofar ɗaki. Matata Odile tana zuba miyar ganyen rogo a kwano ta rufe, ta bi ta bayana kamar ban gani ba.

"Baban Mengue, yau ma ya tambaye ka."

"Ya tambayi masu ganga."

"Mutumin da ya tsaya maka kamar uba ranar aurenmu? Likita ya ce zuciyar ta gaji. Idan ya tafi kuna haka, kai za ka ɗauki nauyin."

"Ni na ci amanarsa ko shi ya ci tawa?"

Ta ɗaga kwanonta ta wuce. Ni kuwa abinci ba ya shiga. Ina aiki ina ganin mazan da za su zauna a kujerun nan da kwalabe a gabansu, direbobi, sojoji, har da waɗanda nake yi wa ƙofofi. Yarinya ɗaya Allah ya ba mu. Ba na son komai sai ta dawo ɗakinta ta ɗauki littafi.

Rana ta tara da safe na shiga. Yana kwance an tokare shi da matasai uku, numfashi yana fita da ƙyar. Ya aiki Mengue sayen magani.

"Ɗana Ondoa," ya ce, "ka zo ka ƙarasa cire gemun? Na gaskiyar ne ya rage."

Ban yi dariya ba. Na zauna a bakin gado.

"Me na yi maka, Papa?"

"Tun bikin Ista take rawa a can. Kafin in sani. Wani tsohon ɗalibina ne ya gaya mini. Na je na ga abin da suke shirin sa ta yi, na ce a'a, ku ba ni ita, ni zan tsara wasan. A nawa, tana kaiwa ga ɗankwali gemuna yake faɗuwa, mutane su yi dariya, a ja labule. Daga nan ba ta wucewa."

"Da sai ka zo ka gaya mini."

"Da ka yi me?"

"Ni ubanta ne."

"Shi ya sa."

Ya yi tari mai tsawo, na ba shi ruwa. Ina riƙe da kofin ya ce, "Ba za ta ci jarrabawar nan ba, Ondoa, ko ta zauna sau goma. Na koyar shekara arba'in, na san kan da littafi ke shiga. Amma idan ta taka dandamali, ko ƙuda tsayawa yake yi."

"Kana cin kifina duk Lahadi kana kallon idona."

"Kifin da daɗi," ya ce. Sai ya rufe ido. "Wannan kam ban kyauta ba."

Na durƙusa. Ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai a coci. Na ce, "Papa, na yafe komai. Abu ɗaya nake roƙo. Maganarka take ji, ba ta jin tawa. Ka ce mata ta bar wurin nan ta dawo gida."

Ya ɗora hannunsa mai sanyi a kaina.

"Zan yi mata magana."

"Ka yi alkawari?"

"Na ce zan yi mata magana, ɗana. Tashi, gwiwarka ba ta yaro ba ce."

Na fita da sauƙin zuciya. Ranar na ci abinci kwano biyu. Kwana uku bayan haka, wajen azahar, Odile tana shanya ta ji kukan Mengue. Kafin in zo daga shago ya cika.

Ba shi da ɗa, matarsa ta daɗe da rasuwa. Ni na yi ta zirga-zirga, ni na sa kafaɗa a akwati har ƙauyensu, bayan garin Mbalmayo. Da aka zauna kafin binnewa, dangin uwarsa suka miƙe suka yi tambayar da ake yi a al'adarmu: me ya kashe ɗanmu? Wani tsoho mai sanda ya ƙara da cewa, "Mun ji an ce an mare shi a gidan giya yana sanye da kayan wasa. Ina maƙwabcin? Ya tashi ya gaya mana."

Na miƙe. Na ce zuciya ce ta kashe shi, takardar likita tana nan. Na ce mun yi saɓani, ni na fizge masa gemu, amma mun shirya kafin ya tafi. Na ce ban taɓa sanin mutum mai riƙe alkawari irinsa ba, har a gadon mutuwa damuwar gidana yake yi. Tsofaffi suka gyaɗa kai, mata suka yi guɗa, aka ɗaga gawa.

Bayan an rufe kabari an ci abinci, matasa suka shiga mayar da bencinan da aka aro daga cocin ƙauye. Na kama bakin wani dogon benci, sai na ji an ɗaga ɗaya bakin. Mengue ce, cikin baƙin zane, jaka a rataye.

"Uwarki ta share miki ɗaki," na ce muna tafiya. "Motarmu sai ƙarfe biyar."

"Ni ta uku zan bi, Papa. Ranar Asabar ake buɗe wasa, ba mu sami wanda zai fito a tsohon ba tukuna."

Na tsaya. Bencin ya buge ni a ciki.

"Bai yi miki magana ba?"

"Ya yi."

"Me ya ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce ka zo ka durƙusa. Ya ce zai yi mini wuya, amma kada in sauka daga dandamali don kowa, ko don kai. Ya ce in riƙa zuwa ina gaishe ka duk Lahadi, ko ka amsa ko ba ka amsa ba."

"Yaushe ya faɗa?"

"Ranar da ka zo. Ina dawowa daga sayen magani."

Wato ko tabon gwiwata bai goge daga daɓensa ba. Na waiga wajen kabarin. Jar ƙasa ce a tsibe, da furannin roba, da tsofaffin da na gama yaba shi a gabansu suna shan bammi. Babu wanda zan kama wa gemu.

"Papa, bencin da nauyi," ta ce.

Muka ci gaba. Muka shiga cocin da shi, ita da baya, ni da gaba, muka ajiye shi a layinsa. Ta gyara jakarta ta fita. Na zauna a kan bencin. Ta ƙofar cocin ina hango ta tana gangarawa bakin titi, Odile tana bin ta da sauri da ƙunshin abinci a ganyen ayaba.