Ba a Zama

Da hukumar gari ta ce masu zane su kawo fasalin bencina da za a jera a titin gaban asibiti, ba wanda ya zaci abin zai shafi gidan Kafinta. Sai ga shi an zaɓi na Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta je ta karanto zane ta dawo, dangi suna ta tambayarta yaushe za ta nemi aikin yi.

Bencinan da aka kafa, kowanne da irin tasa rigimar. Akwai mai siffar kifi, in ka zauna sai a ga kamar haɗiye ka ya yi. Akwai mai kama da buɗaɗɗen littafi, shi kuwa ruwan sama ya fi kowa zama a kansa. Na Auta dai benci ne, dogo, katako da ƙarfe, da fenti ruwan zuma. Sai ka matso za ka ga gefensa na hagu ya ɗan lotsa, hannun wajen ya fi na dama tudu, ga kuma wani ɗan rami a jikinsa.

Saboda mutum ɗaya ta yi wannan gefen. Tun tana firamare babanta ya faɗo daga saman rufi, ƙugunsa ya warke a karkace. Daga nan bai ƙara zama kamar mutane ba, kullum a ɗosane, hannu ɗaya a tokare, kamar mai jiran a kira sunansa. Mutumin da ya yi wa rabin unguwa kujeru, shi ba shi da ta zama. Abin ya daɗe yana ci wa Auta rai. A ɓoye ta auna tsohuwar kujerarsa ta falo, inda ta lotse da inda hannunta ya goge, ta kwashe awon ta zuba a bencin. Ramin kuwa na jingina sanda ne. Ba ta faɗa masa ba, don a gidan ba a zancen ƙugun Baba. Shi a wurinsa lafiyarsa ƙalau, kujeru ne suka lalace.

Ranar da aka buɗe bencinan ta kai shi gaban nata, ta ce, "Baba, wannan naka ne."

Ya zagaya shi. Ya shafa da tafin hannu, ya sunkuya ya kanne ido ɗaya ya hango tsawonsa. Ya daɗe a gefen hagu. Sannan ya miƙe ya ce, "To."

Bai zauna ba.

Washegari ya fito da tsumma da tsohon bokitin fenti. Ya goge bencin tas, ya kife bokitin a gefensa ya ɗosana. Mai gyaran takalman da ke bakin asibitin ya taho zai gwada sabon abu, har ya juya baya zai zauna.

"Ba a zama," in ji Kafinta.

"Me ya sa, Baba?"

"Fenti bai bushe ba."

Fenti ya bushe har ya fara ɗaukar ƙura, Kafinta ya sake hujja, ya ce aikin fasaha ne, kallo ake yi. Wata mata ta fito daga asibiti a galabaice, ta nufi bencin, ya tashi da sauri ya ba ta bokitinsa, shi ya tsaya a kan sanda har ta huta. Ta yi masa godiya sosai. Ba a jima ba unguwa ta saba. Mutane suna cusa kansu a cikin kifi, suna jiƙa wando a littafi, in sun zo na Auta sai su gaida Baba su wuce.

Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Ta kai ƙara wurin mahaifiyarta a kicin.

"Mama, don Allah ki yi masa magana. Benci fa na zama ne."

"Ke kika ce nasa ne," in ji Mama, ba ta ko ɗago daga wanke-wanke ba. "Kin san ubanki da ajiya. Laimar da kawunki ya bar masa tana nan a leda, shi kuma ruwa yana dukansa."

Auta ba ta yi dariya ba. Abin da ke damunta daban ne. Ta ga yadda ya kanne ido a kan aikinta, ta kuma san wannan "to" ɗin, shi yake yi wa katakon da gara ta ci. Zuciyarta ta ba ta cewa raina aikin ya yi, kuma hakan ya yi mata ciwo ba kaɗan ba.

Wata safiya tana shirin fita Mama ta ce, "Yau kuma da jakar aiki ya tafi. Har da zarto."

Da takalmin wanka Auta ta isa titin. Ta tarar da shi a durƙushe, fensir a bayan kunne, ya riga ya ja layi a hannun bencin inda zai yanke. Ga wani guntun katako ya feƙe shi daidai da lotsawar, ga ƙusoshi a bakinsa.

"Baba! Me za ka yi?"

Ya tofar da ƙusoshin a hannu, ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya. "Auta, ba na so in faɗa miki. Bencin nan a karkace yake. Nan ya lotsa, hannun nan ya yi tsawo, ga rami kin manta ba ki cike ba. Duk wanda ya zauna zai ji. A ce 'yar kafinta ce ta yi? Ni dai a yi da ni, ba da ke ba. Na tsare shi iya tsarewa, bokitin nan ya ishe ni. Bari in gyara kafin mutane su fito, ba wanda zai sani."

Auta ta tsaya tana kallonsa. Ashe duk zaman nan da yake yi a kan bokiti, da wannan ƙugun, asirinta yake rufawa. Tausayinsa ya kama ta, haushi kuma bai gama sakinta ba.

"To, Baba, ka gyara," ta ce. "Amma kai ka koya mini ba a taɓa kujera sai an zauna an ji inda take ciwo."

Ya dafa ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya juya ya ɗosana a gefen hagu, a shirye ya ji laifi. Ƙugunsa ya faɗa cikin lotsawar. Gwiwar hannunsa ta sami wuri ba tare da ya nema ba. Ya laluba inda zai ajiye sanda, sanda ta shige ramin ta tsaya. A hankali kafaɗunsa suka sauka, bayansa ya taɓa majingina, abin da Auta ba ta gani ba tun tana yarinya.

Idonsa ya kawo ruwa, ya sa tsumman goge benci ya share.

"A karkace yake fa," ya ce.

"A karkace yake, Baba."

Mai gyaran takalma ya iso da akwatinsa, ya ja ya tsaya. "A'a, Baba! Yau an fara zama ne?"

Kafinta ya nuna masa ɗaya gefen da haɓa.

"Zauna can," ya ce. "Nan da mai shi."