Allon da Na Zaɓa a Kwance

Ni fa na gaji da ƙafar Mudassir tun kafin ta fara warkewa. Ƙanena ne, autanmu, kuma tun da Inna ta rasu ba shi da wata uwa sai ni. Da babur ya kayar da shi a hanyar Falgore ya karye a cinya, ba a tsaya wata shawara ba, gidan mijina aka kawo shi nan Doguwa, aka shimfiɗe shi a ɗakin da nake ajiye buhunan masara. Baba Ɗantani mai ɗori ya zo ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure. Abu ɗaya ya ce yana so, kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa sai ya ce.

Ta taɓa kuwa. Wata rana da hantsi na leƙa barkar haihuwa a maƙwabta, na dawo na tarar da katifa ba kowa. A zaure aka tsinto shi, ya ja gindi tun daga ɗaki, wai zai tsallaka shagon abokinsa Faruk, inda samari ke taruwa suna buga ƙwallo a gem, na'urar wasan nan ta talabijin. Ɗorin ya goce. Sai da ƙatti suka danne shi Baba Ɗantani ya sake jan ƙashin ya mayar. Ihun da yaron nan ya yi har yau yana kunnena.

Da Baba zai tafi ya kira ni gefe.

“Saude, in ya sake gocewa ba abin da zan iya. Haka za ta haɗe a karkace, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ɗingishi ke nan har tsufansa.”

Daga ranar na zama mai gadi. Ga girki, ga yara, ga kai fo da kwashe fo na ƙaton saurayi, ga leƙe duk bayan ɗan lokaci in ga ko yana nan. Ana cikin haka taɓaryata ta ɓata. Na duba ko'ina ban gani ba, har sai da na yi wa maƙwabciyata Hasiya habaici ta kan katanga, ita ma ta mayar mini da wanda ya fi shi.

Faruk ne ya kawo shawara. Ya yi sallama a zaure, na tsaya daga ciki muka yi magana, don gidanmu ba a shiga. Akwai matan ƙannen mai gidan, kuma surukina bai taɓa sassauta wa ko da ɗan aike mai gemu ba.

“Yaya Saude, zaman kaɗaici ne ke damunsa. Ina da gem ɗaya a ajiye, zan ba shi aro har ya warke. Sai dai talabijin ɗinku mai doro ce, ba ta da ramin da wayar za ta shiga.”

“To yanzu ya kake so in yi?”

“Akwai ƙaramin allo, monita, fale-fale kamar tire. Batirin solarku zai ɗauke shi. Wani Sadiq yana sayarwa a Tudun Wada.”

Mai gidan yana tsakiyar girbi, ko kallon hanyar ba zai yi ba. Ya ce in je. Dole na haɗiye girman kaina na roƙi Hasiya ta zaunar mini da ido a kan mai karaya. Ta ce to, tana wani karkaɗa kai.

Motar da na shiga kuwa kamar an cusa mu a buhu. Ga kaji a ƙarƙashin kujera, ga wata Bafulatana ta ɗora mini ƙwaryar nono a cinya ba tare da ta tambaye ni ba. Ko da muka isa, bayana ya riga ya sage.

Sadiq ɗin saurayi ne mai ladabi, amma akwai surutu. Ya fito da monita uku ya jera a kan tebur, ya jona musu gem, ya shiga zuba mini lambobi da turanci, wannan inci kaza, wancan gudunsa kaza.

Na ce, “Ɗan nan, ka tausaya mini. Daga Doguwa nake, ko ruwa ban sha ba. Wanne ne mai kyau?”

“Hajiya, babban nan. Shi kowa ke ɗauka.”

Na kusa cewa ya naɗe mini shi in huta. Sai na lura duk a tsaye muke kallo, ni da shi. Wanda zan kai wa kuwa rigingine yake kwance, ko matashi biyu an hana shi. In har sai ya ɗaga kai ko ya karkata zai gani, to da hannuna na sake karya shi.

“Kana da sallaya?”

“Azahar ba ta yi ba tukuna, Hajiya.”

“Na sani. Shimfiɗa mini a nan ƙasa.”

Na ja hijabina na rufe har tafin ƙafa, na kwanta rigingine a tsakar shagon mutane. Ni Saude, uwar 'ya'ya, a bakin kasuwa. Na ji mai shayin gefe ya daina kaɗa shayinsa. Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma gajiya ta fi kunyar ƙarfi.

“Ɗago mini babban, ka riƙe shi ta saman ƙafafuna.”

Ya ɗago. Daga ƙasa filin ƙwallon nan mai kore shar ya koma baƙi-baƙi kamar gindin tukunya, 'yan wasan duk sun zama inuwa. Na ce ya karkato shi. Ya karkato, ya ɗan gyaru, amma da na gusar da kaina kaɗan sai ya sake duhu. Ga shi da nauyi, har hannun yaron na rawa.

Na biyun yana ta walƙiya. Hasken ƙofa na faɗawa a kansa sai ƙwallo ta ɓace, na ga fuskata a ciki. Rabona da madubi tun ranar da aka kawo Mudassir. Idanuna sun faɗa, leɓena ya bushe, sai ka ce ni ce marar lafiyar. Na ce ya kawar mini da shi.

Na ukun shi ne ƙarami, fuskarsa ba ƙyalli, ba wanda zai kalle shi sau biyu. Daga ƙasa na ga komai tangaran. Na juya kaina hagu, na juya dama, launinsa bai canza ba. Na sa Sadiq ya buga in gani, ƙwallon na bin yatsansa ba jinkiri, kuma yana da 'yar muryarsa daidai ɗaki.

“Wannan,” na ce, ina daga kwance.

Sai da na dafa ƙafar tebur na iya tashi.

Bayan la'asar na iso gida. Hasiya ta ce yaron bai motsa ba, sai dai bai ce mata uffan ba. Mai gidan ya dawo daga gona, ya ɗaure allon da igiya a jikin azara, ya sauko daidai idon Mudassir, ya jona komai ya fita. Na tsaya a bakin ƙofa na ga fuskar yaron ta washe. Na ce alhamdu lillahi, na tafi ɗora ruwan tuwo.

Ruwan bai tafasa ba na ji ɗakin ya yi tsit. Na leƙa. Ya ajiye abin latsawar gem ɗin a kan ƙirjinsa, fuskarsa tana wajen ƙofa. Daga can tsallaken hanya ana jin hayaniyar shagon Faruk, wani ya ci ƙwallo suna ta yi masa shewa.

“Me kuma ya faru? Ba ya gani ne?”

“Yana gani sosai, Yaya. Na gode.”

“To me?”

Ya ce, “Da inji nake bugawa. In na ci shi ba ya jin haushi. In ya ci ni ba ya tsokanata. Don Allah ko Faruk kaɗai a bari ya shigo.”

“Ka san gidan nan, Mudassir.”

“Na sani.”

Wallahi ji na yi kamar in tsinke igiyar nan in yi jifa da allon. Duk wahalar motar nan, duk kwanciyar da na yi a gaban maza, ashe ba ƙwallon yake ja wa gindi ba, mutane yake nema. Na jingina da buhun masara. A nan na ga hannunsa na dama ya sulale ta gefen katifa, yana taɓa wani abu a bayan buhunan, idonsa har yanzu a ƙofa.

Faruk ya haɗo da abin latsawa guda biyu. Ɗayan yana nan a leda. Na ɗauko shi, na zauna a ƙasa kusa da kansa. Daga gefen ma allon yana nunawa tas.

“Wanne ake dannawa?”

Ya kalle ni kamar na zare. “Yaya, ke?”

“Ka ga wani a ɗakin nan bayan ni?”

Ya nuna mini na gudu da na bugu. Aka fara. Ɗan wasana ya ɗauki ƙwallo ya nufi ragarmu da ita a guje, ya zuba wa mai tsaron gidansa. Mudassir ya fashe da dariya har da hawaye.

“Kai, kada ka girgiza mini ƙafar nan. Ka yi dariyarka daga wuya zuwa sama.”

“Yaya, ko makaho ya fi ki.”

“Uwarka ce makauniya,” na ce, kafin in tuna uwarmu ɗaya. Sai muka kwashe da dariya tare.

Ya yi ta cina ba tausayi. Ruwan tuwo ya ƙone a tukunya, ina jin ƙaurinsa ban tashi ba. Yatsuna suka yi tsami, bayana yana ta suka. Shi yana kallon allo, ni rabin hankalina yana kan kararen ɗorin nan, kuma ko gezau ba su yi ba.

Da aka kira magariba ya ajiye abin latsawar.

“Gobe ma za ki zo?”

“In na gama daka. Da aron taɓarya, tun da tawa ta yi ƙafa.”

Ya miƙa hannu bayan buhunan ya jawo ta a hankali, ya tura mini. Taɓaryata ce. Ya naɗe kanta da tsumma ya ɗaure tam, daidai inda hammata za ta zauna. Ashe sandar dogarawa ya haɗa don ya sake tsallakawa shagon Faruk.

Na riƙe ta a cinyata ina kallon tsumman. Tsohon ɗankwalin Inna ne. Ban iya yi masa faɗa ba, ƙarfin ma babu. Na tashi na tafi ba Hasiya haƙuri.